Laifin Aro

Ni dai kada wanda ya ƙara yi min zancen alwashin sabuwar shekara. Duk wadda ta ga Muharram ya kama ta ji tana marmarin canza hali, ta je can ta canza abinta, kada ta biyo ta ƙofar gidana. Abin da alwashi ya yi mana a gidan nan ya ishe ni.

Sunana Kulu, a Rano nake aure, nan bayan tashar 'yan acaba. Maigidana a tasha Mato suke ce masa, ni kuwa Baban Ummi nake cewa. Ɗan acaba ne, da babur ɗin wani yake haya. In ana neman mutumin da ba ruwansa a garin nan, to shi ne. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ko riƙon karta bai iya ba. Kafin ladan ya rufe baki yana sahun gaba. Wani fasinja ya taɓa manta ƙullin daddawa a kan babur ɗinsa, sai da ya bi shi har Durba ya kai masa, a man kansa. Shekara da shekaru yana haka, ban taɓa jin wani ya tsaya ya ce masa sannu ba. An saba da kirkinsa kamar yadda aka saba da turmin tsakar gida, ba mai waiwayarsa.

Sai kuma Baballe, taubashinsa, ɗan gwaggonsa. Shi ma acaba yake yi, in ya ga dama. Leɓensa baƙi ƙirin saboda sigari, yana kashe wannan yana kunna wancan. Da hantsi ya yi za ka same shi a gindin darbejiyar bayan tasha ana raba karta, babur a jingine, fasinja na kira yana cewa a jira ya ƙarasa wasan. Azahar da la'asar kuwa tare yake haɗa su, ranar da ya tuna ke nan. Matarsa Rahma a tsakar gidana take zuwa ta yi kukanta. In ba ta gishiri, in ba ta kanwa, in ba ta haƙuri, ta tafi tana cewa, "Yaya Kulu, ke kam Allah ya yi miki dace." Ba zan ɓoye ba, maganar nan tana yi min daɗi.

To a shekarun nan da Shari'a ta zauna, sai aka ce mata su daina hawa bayan 'yan acaba. Ni ban ƙi ba, gaskiya ce. Amma wa ke hawa acaba a Rano in ba mata ba? Masu zuwa awo asibiti, masu zuwa suna, masu zuwa gaisuwar mutuwa Saji ko Kibiya. Tukunyarmu ta ji a jikinta. Miyar da ake sa wa nama ta koma ta ƙashi, daga baya ƙashin ma ya yi tafiya. Ana nan aka fara labarin wata rawayar keke mai ƙafa uku da ta cika birni, adaidaita, wadda ake ɗaukar mata a ciki. Duk ɗan acaban da ke tashar nan da ita yake kwana da ita yake tashi.

Alhaji Ishiyaku mai hatsi shi ya fara kawo ta Rano. Mutum ne mai motocin da ke kai masara da dawa birni, kuma shi ya gina masallacin tasha. Ya sayo guda ɗaya ya ajiye a ƙofar shagonsa, ledar kujerunta ko ɓarewa ba a yi ba, ya ce zai ba wa ɗaya daga cikin 'yan acaba ya riƙa ja. Na ce shi ke nan, tamu ta samu. Wa za a ba amanar matan mutane in ba Baban Ummi ba? Har na fara tunanin inda za mu riƙa ajiye ta, don zaurenmu ƙofarsa ƙarama ce.

Ranar ɗaya ga Muharram aka yi wa'azi a masallacin tasha bayan la'asar. Lasifikar masallacin nan tsakar gidana take kallo, ko tari liman ya yi sai na ji. Ina tankaɗe ina saurare. Malam ya yi bayanin Hijira, ya ce ba tafiya daga gari zuwa gari kaɗai ba ce, barin mugun hali ma hijira ce. Ya ce tunda shekara ta sabunta, kowa ya dubi kansa ya zaɓi hali ɗaya ya yi hijira daga gare shi. Sai na ji an yi ƙugi a lasifika, wata murya mai kaushi ta yi sallama. Rariya ta kusa suɓuce min. Baballe ne.

Wai kuka yake! Ƙato da shi, yana jan majina a lasifika, gari duk yana ji. Ya ce jiya 'yarsa ta ƙi yarda ya ɗauke ta, ta ce bakinsa wari. Ya ce daga yau ya bar sigari, ya bar karta, kuma jama'a su zama shaida. Aka ce ya zaro kwalin daga aljihu ya murƙushe, ya yayyaga kartar ɗaya bayan ɗaya. Kabbarar da aka yi sai da kajina suka watse. Ba a gama ba na ji muryar Alhaji Ishiyaku tana rawa, yana cewa wanda ya juyo irin wannan juyowa bai kamata a bar shi hannu sake ba. Nan take ya miƙa masa mukullin adaidaita. Ya ƙara da cewa in Allah ya kai mu Muharram na baɗi zai sayo ta biyu, ya ba wanda ya cancanta.

Baban Ummi ya shigo gida kamar wanda aka yi wa duka. Ya zauna a kan turmi. Ni ce na yi maganar.

"To, Malam na Allah, ka ga amfanin sahun gaba?"

"Kulu, rabo ne."

"Rabon wa? Mutum ya shekara ashirin yana busa hayaƙi a fuskar jama'a, ya yi kukan rabin sa'a, a ba shi keke. Kai ka shekara ashirin kana kai wa mutane daddawarsu Durba, ko ledar kujera ba a ba ka ba."

Ya ce in yi shiru, hassada ba kyau. Na ce na ji ba kyau, amma tana nan a wuyana, kuma na ga tana nan a nasa, don tuwon ranar ko taɓawa bai yi ba.

Muka zuba ido mu ga ranar da Baballe zai koma ruwa. Na ba shi mako guda. Baban Ummi, da yake mai kyautata zato ne, ya ba shi zuwa cika-ciki. Cika-ciki ya zo, sai ga langa daga gidan Rahma, shinkafa da wutsiyar rago har da kaza a kai. Rahma fa, wadda nake auna wa gishiri a murfin kwalba! Na ci, don ba a wasa da abinci, amma kowace loma sai da na tura ta da ruwa. Safar ya wuce, Maulidi ya wuce, damina ta sauka ta ɗauke, mutumin nan ko karan ashana ba a gani a hannunsa ba. Leɓensa ya washe, ya yi ƙiba, ya tsayar da gemu. Yaran tasha suka koma ce masa Ustaz. In ya wuce ta ƙofar gidanmu sai ya danna hon sau biyu don gaisuwa, ni kuwa ji nake kamar a kunnena yake dannawa.

Ranar da abin ya fi ci min rai ita ce ranar sunan 'yar ƙanwar Baban Ummi a Kibiya. Ina tsaye a ƙofar gida ina tunanin yadda zan je, sai ga adaidaita ta tsaya. Rahma ce a baya ta harɗe, sabuwar atamfa, hannu ya sha lalle.

"Yaya Kulu, shigo mana, ai hanyarmu ɗaya."

Na shiga, ya zan yi? Tun daga Rano har Kibiya tana ba ni labarin yadda yanzu shi yake tashin ta sallar asuba. Mata a bakin hanya suna ɗaga hannu, Baballe yana ce musu a yi haƙuri yau ta iyali ce. Da muka sauka ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kam kin huta, Yaya. Naki tun asali shiryayye ne, ba ki san wahalar jira ba." Da zuciya ɗaya ta faɗa, na sani. Ni kuwa ji na yi kamar ta watsa min barkono. A gidan sunan nan duk wanda ya shigo Baballe yake nema ya yi wa barka. Gwaggo tana ta nan-nan da shi, ana zuba masa ƙafar rago. Baban Ummi yana can waje yana jera wa baƙi tabarmi.

Da azumi ya wuce, tasha ta fara wani irin motsi. Kowa ya tuna da alkawarin keke ta biyu, kowa kuma ya ga yadda aka samu ta farko. Masu laifi suka fara tattalin laifinsu kamar mai ɓoye hatsi yana jiran tsada. Wani da ya yi niyyar barin caca tun cikin azumi, aka ce ya fasa, wai sai Muharram, kada ya yi asarar tubansa a banza. Hammadu mai shayi, da ko keke bai iya tuƙawa ba, shi ma cewa ya yi zai tashi ya bar gulma.

Wata safiya Baban Ummi ya ajiye kofin kunu ya dube ni.

"Kulu, ni me zan bari?"

"Ka bar munshari."

"Munshari laifi ne?"

"A wurina dai laifi ne."

"Ina maganar gaske kina wasa. Kowa a tasha yana da abin da zai tashi ya faɗa. Ni in na tashi in ce me?"

Muka zauna muka bincike mutumin nan tas, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ya ce ya taɓa zagin akuyar maƙwabta. Na ce wa zai yi kabbara don an bar zagin akuya? Ya ce wani lokacin yana wuce gudun sittin a hanyar Saji. Na ce wannan ai su a tasha abin yabo ne. Ya yi tagumi. Kai, ban taɓa ganin mutum yana baƙin cikin rashin laifi ba sai ranar.

Bayan kwana biyu ya dawo da shawararsa, ya riga ya auna komai. Giya, a'uzubillahi, ga zunubi ga bulala. Karta caca ce, ba ya kusantarta. Amma sigari, in ji shi, ya ji malamai sun yi saɓani a kanta, wasu sun ce makaruhi ce kawai. Zai ara daga yanzu zuwa Muharram, a san shi da ita, ranar wa'azi ya tashi ya murƙushe kwali kamar yadda Baballe ya yi. Ni ban ce ya sha ba. Ban kuma ce kada ya sha ba. Abin da na ce kawai shi ne, in zai yi, ya yi a inda za a gan shi, don tuban da ba a san laifinsa ba ba mai yi masa kabbara.

Na aika Ummi gidan kakarta, muka rufe ƙofa ya gwada karan farko da hantsi. Wayyo! Zuƙa ɗaya ya yi ya durƙusa, tari kamar ransa zai fita, hawaye shaɓe-shaɓe, ƙarshe kunun safe ya dawo. Na yi dariya har na riƙe ciki. Ya ɗago jajayen idanu ya ce, "Wai wannan azabar Baballe ya sha shekara ashirin? Ai shi ya kamata ya biya mutane da ya rabu da ita." Amma da yake mutum ne mai naciya a duk abin da ya sa gaba, kafin mako ya zagayo ya iya fitar da hayaƙi ta hanci.

Ranar da ya fara kunnawa a tasha, aka ce shiru wurin ya yi. Hammadu ya zuba shayi a ƙasa maimakon kofi. Wasu suka ce asiri aka yi masa, wasu suka ce talauci ne ya taɓa masa kai. Matan unguwa suka fara shigowa yi min jaje, ni kuwa ina sunkuyar da kai ina cewa a taya mu da addu'a, a cikina ina jin daɗi. Karon farko ke nan da garin Rano ya san da zaman Baban Ummi. Gwaggo da kanta ta tako ta zo ta yi masa nasiha, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

Ana saura 'yan kwanaki babbar salla, da rana tsaka, na ji adaidaita ta tsaya a ƙofar gida ba hon. Baballe ya yi sallama, Baban Ummi ya fita zaure. Na ɗauki tsintsiya na matsa jikin ƙofar ina share wurin da na riga na share.

"Yaya Mato," in ji Baballe, "yau ba wasan taubashi ya kawo ni ba. Don girman Allah ka yar da abin nan."

"Ikon Allah. Yau kai ne mai yi min wa'azin taba?"

"Ni ne, don ni na san ta. Kai kana ganin kai ka riƙe ta. Ni har yau in na ji warinta sai yawuna ya tsinke, sai na ciji hannun riga. Ba a aronta, Yaya."

"Wa ya ce maka aro nake?"

"Haba, tare fa muka tashi. Na san abin da kake nufi, kuma wallahi ba ka buƙata. Keken nan ta biyu taka ce. Ba a yi wata guda ba Alhaji ya ce min shi a ransa ba ya da kowa sai kai. Ya ce ni ya fara ba ni ne don yana tsoron kada in koma, kai kuwa ko an bar ka ba inda za ka. Ya yi tafiya saro hatsi, bai ji labarin nan ba tukuna. Ka bari tun bai ji ba."

Baban Ummi ya yi masa godiya a daƙile, ya raka shi. Da ya shigo muka dubi juna.

"Kin ji?" ya ce.

"Na ji makirci," na ce. "Ba ya so a zama ku biyu a garin nan. Shi kaɗai yake so a riƙa kira Ustaz, matarsa kaɗai ke son harɗewa a baya. Da Alhaji yana da kai a ransa, me ya hana shi ba ka ta farko?"

"Ni ba wannan ne ya dame ni ba," in ji shi. "Cewa ya yi Alhaji bai ji ba. Ashe duk tarin nan da nake yi, wanda ake yi dominsa bai ma sani ba!"

Bayan salla Alhaji Ishiyaku ya dawo. Washegari Baban Ummi ya wanke babur, ya je ya kafe shi daidai tsallaken shagon hatsi, ya haye ya harɗe ƙafa. Ya jira sai da Alhaji ya fito bakin ƙofa, sannan ya zaro kara ya ƙyasta ashana. Da ya dawo gida bakinsa har kunne.

"Ya gan ni, Kulu! Fitowa ya yi kamar zai tsallako wajena, har ya ɗaga hannu. Da ya ga hayaƙi sai ya tsaya cak, ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya ya koma ciki."

Na ce madalla, aiki ya yi kyau. Ranar har wake na dafa masa da mai da yaji.

Muharram ya kama. Sabuwar adaidaita tana ƙofar masallaci tun safe, yara sun kewaye ta. Na wanke masa farar rigarsa na goge, na sa masa sabon kwali a aljihu don ya ji daɗin murƙushewa. Ya yi ta maimaita jawabinsa a tsakar gida, yana tambayata ko ya yi kuka a farko ko a ƙarshe. Na ce a tsakiya ya fi. Da la'asar na ajiye duk wani aiki, na jawo kujera na zauna a saitin lasifika.

Malam ya gama wa'azi, sai masu tuba suka yi layi. Mai barin caca ya yi, mai barin zagi ya yi, Hammadu ya bar gulma har ya kawo misali da sunayen waɗanda ya yi da su, sai da aka karɓe abin maganar. Kafin a zo kan Baban Ummi kabbarar ta gaji, ta koma kamar amsa sallamar mai bara. Ya yi jawabinsa tsaf, muryarsa ta yi rawa a tsakiya yadda muka shirya. Na ji ƙarar kwali. Mutum uku ko huɗu suka yi kabbara, wani daga baya ya yi dariya.

Sai Alhaji Ishiyaku ya karɓa. Ya yi wa masu tuba addu'a, ya ce Allah ya ba su ikon riƙewa, shekara ce za ta nuna. Ya ce amma wannan keken daban ce. Ita za ta riƙa kai iyalinsa unguwa, ita za ta riƙa ɗaukar matan Islamiyya tsakanin Rano da Saji da Kibiya. Saboda haka ba mai sabon tuba yake nema ba, yana neman wanda tun tasowarsa ba a taɓa jin kansa da komai ba. Ya yi shiru kaɗan. Wallahi a shirun nan sai da na miƙe tsaye. Sannan ya kira Habu.

Habu! Wani salihin bawan Allah da ke tsayawa a ƙarshen layi, wanda in ana lissafin masu kirki a tasha sai an ambaci Baban Ummi an huta kafin a tuna da shi. Habu da ko carbi a wurin Baban Ummi ya ga ana ratayawa a kan babur ya kwaikwaya. Aka ɗauki kabbara, na ji tashin injin sabuwar keke, na koma na zauna a ƙasa, kujerar ma ban gan ta ba.

Kafin magariba sai ga Rahma, ko mayafi ba ta daidaita ba. Na so in ce mata ba na nan, to a tsakar gida ta same ni. Ta durƙusa kusa da ni idonta ya kawo ruwa.

"Yaya Kulu, wallahi Baban su ya yi iya yinsa. Jiya har ƙafar Alhaji ya riƙe. Ya ce masa wasa ne, ba halin Yaya Mato ba ne. Alhaji ya ce in wasa ne ya fi muni." Ta share ido. "Kin san ranar da ya gan shi a tsallaken shago? Fitowa ya yi ya kira shi su tafi birni tare, ya zaɓi adaidaitar da yake so da hannunsa. Mota na tsaye tana jiransu."

Ta ce in yi haƙuri, ta ce in akwai abin da muke buƙata kada in ji nauyi in aiko. Ni Kulu, yau ni Rahma take cewa in aiko! Na raka ta zaure da ƙafafuna, na dawo na tarar tuwona ya kama.

Washegari Baban Ummi bai fita ba. Ya zauna a gindin bango ya miƙe ƙafa, kunu ya huce a gabansa. Na gaya masa abin da Rahma ta ce, ya gyaɗa kai kawai. Can da hantsi na ga yana shafa aljihu, ya tashi ya shiga ɗaki ya fito, ya sake shiga. Na ji yana ɗaga katifa. Ya fito da wani lanƙwasasshen kara guda da ya faɗa bayan gado.

"Kulu, ina ashana?"

"Ashanar me? Jiya fa a lasifika ka yi alkawari, gari duk ya ji."

"Na sani."

"To wa kuma za ka nuna wa? Keken ta tafi, Baban Ummi. An gama wasan."

"Ba don a gani ba ne." Ya kasa kallona. "Kaina ne zai tsage. Tun asuba nake fama."

Na ƙi ba shi. Ya tsuguna a bakin murhu ya ɗauki garwashi da tsinke biyu, ya kunna, ya ja wata doguwar zuƙa ya lumshe ido, ko tari bai yi ba. A waje na ji adaidaita ta tsaya, mata suna ta hayaniyar shiga, Habu yana cewa a bi sannu akwai wuri. Baban Ummi ya ɓoye karan a tafin hannunsa, ya zagaya bayan ɗaki inda muke tara itace. Daga can ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kulu, sa wa ƙofar zaure sakata, kada wani ya shigo ya gan ni."

Na tashi na sa.